Gayya Ce ko Ƙwadago? Abin da Yawan Ambato Ba Ya Faɗa Mana

Wata ranar Laraba bayan azahar, wani matashin malami a sashenmu ya shigo ofishina, ko sallama bai ƙarasa ba ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Malam, duba ka gani." Shafinsa ne na Google Scholar, inda ake ƙirga sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da aikin mutum. Na san yaron nan tun yana ɗalibi. Na san maƙalunsa na farko, waɗanda ya yi da kuɗin aljihunsa, yana yawo a kan babur daga wannan asibitin karkara zuwa wancan. Shekaru suna nan a ajiye, waɗanda suka ambace su ba su cika yatsun hannu biyu ba. Ga shi yanzu lambar ta yi tsalle ta shiga ɗaruruwa, kuma kusan duk daga maƙala guda. Na buɗe ta. Sunayen marubuta sun cika shafi, nasa yana can tsakiya, sai da ya ɗora yatsa a kai sannan na gan shi.

Na yi masa barka, kuma har zuciyata na yi. Da ya zauna sai na tambaye shi wane ne ya kawo tambayar da binciken ya amsa. Ya ce daga can waje aka aiko da ita, har da takardar tambayoyin da za a cika. Na ce bayanan marasa lafiyar da ka tattara fa, yanzu suna ina? Ya ce suna can a rumbun kwamfutarsu, in yana son ya yi wani aiki da su sai ya rubuta takardar neman izini. Na ce ka karanta rubutun kafin a buga? Ya ce an turo masa ana saura kwana uku a miƙa, aka ce ya duba ko an rubuta sunansa daidai. Daga nan muka yi shiru. Tun ranar maganar take cin raina, domin na san ba shi kaɗai ba ne, kuma na san mu manyansa ne muka nuna masa cewa wannan lamba ita ce abin nema.

Ga wanda bai saba da harkar ba, ambato abu ne mai sauƙi. In na rubuta maƙala na ce wane ya riga ya gano kaza, sai in sa sunansa da na aikinsa a jerin manazarta. An ambace shi sau ɗaya ke nan. Mu ba baƙi ba ne ga wannan ɗabi'a. Duk wanda ya taɓa durƙusawa a zaure gaban malami ya san isnadi, ya san ba a faɗin magana sai an ce daga wa aka ji ta. Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi yana daga cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Malam Abdullahin Gwandu ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Ambato asalinsa amana ce, ka mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa, ka kuma ba mai karatu hanyar da zai bi ya tabbatar ba ƙarya ka shirga masa ba.

Ƙirga ambato shi ne sabon abu. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya kawo shawarar a mujallar Science a 1955, ya kuma fitar da kundinsa na farko na kowa da kowa a 1964. Dabarar ya aro ta ne daga lauyoyin ƙasarsu, waɗanda ke da kundin bin diddigin hukuncin da wata kotu ta kafa hujja da shi. Nufinsa mai bincike ya iya bin sawun wani tunani ya ga inda ya kwana. Amma duk abin da aka iya ƙirgawa ba ya daɗewa sai ya zama mudu. A 2005 wani masanin kimiyyar fiziks, Jorge Hirsch, ya haɗa yawan maƙalun mutum da yawan ambatonsu ya mayar da su lamba ɗaya tak. Yau da irin waɗannan lambobi ake jera jami'o'in duniya daga ta ɗaya zuwa ta dubu, da su ake raba kuɗin bincike, kuma sannu a hankali sun shigo takardun ƙarin girma a jami'o'inmu.

Ba na jayayya da cewa aikin haɗin gwiwa ya fi samun ambato. Wannan a tabbace yake. A 2007 wasu masana uku daga jami'ar Northwestern a Amurka, Stefan Wuchty da Benjamin Jones da Brian Uzzi, suka duba maƙalu miliyan 19.9 na tsawon shekara 50, da takardun mallakar ƙirƙira miliyan 2.1. Suka ga a kusan kowane fanni aikin ƙungiya yana ta mamaye aikin mutum ɗaya, kuma ya fi shi samun ambato. A kimiyya da injiniyanci, damar da maƙalar ƙungiya take da ita ta kai ambato 1,000 ta ninka ta mai aiki shi kaɗai fiye da sau shida. In kuma marubutan sun fito daga ƙasashe daban-daban, galibi lambar takan ƙara hawa. Akwai ma aikin da ba ya yiwuwa sam sai da taron jama'a. Maƙalar da masu binciken cibiyar CERN ta birnin Geneva suka buga a 2015 kan nauyin wata ƙanƙanuwar ƙwayar zarra da ake kira Higgs tana da marubuta 5,154. Shafi 33 ce, shafi tara na farko ne suka ɗauki binciken, sauran duk sunaye ne da wuraren aiki. Injin da suka yi aikin da shi yana cikin rami mai zagayen kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, ba wata jami'a ɗaya da za ta iya gina shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan kam ba mai musu.

Inda nake tsayawa shi ne a kan dalilin hawan lambar. Wani ɓangare nagarta ce tsantsa. Idanu goma sun fi biyu ganin kuskure. Wannan ya iya lissafi, wancan yana da na'ura, ɗayan ya san mutanen garin. Bincike a asibiti 20 ya fi bincike a asibiti ɗaya ƙarfin hujja. Amma wani ɓangaren ba shi da alaƙa da nagarta ko kaɗan. Maƙala mai marubuta 40 tana da mutum 40 da za su riƙa ambatonta a ayyukansu na gaba, kowanne da ɗalibansa, kowanne da tarukan da yake zuwa ya gabatar da ita. In akwai babban suna a ciki, editan mujalla zai karanta da kyakkyawan zato, mai karatu ma haka. Tun a 1968 masanin zamantakewa Robert Merton ya rubuta a kan wannan, cewa a duniyar kimiyya wanda ya riga ya yi suna shi ake ƙara wa, ko da aikin tare suka yi da wanda ba a sani ba. Ga kuma kuɗi. Mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 a 2021 ga wanda yake so a buɗe maƙalarsa kowa ya karanta kyauta. Malamin jami'a a Najeriya ko Nijar zai haɗa albashin watanni masu yawa bai tara wannan ba. Abokin aikinsa na Turai kuwa jami'arsa ce za ta biya, maƙalar ta buɗu ga duniya, a karanta, a ambata. Mai kallon lamba daga nesa zai ce haɗin gwiwa ne ya gyara aikin, alhali wani lokaci ƙofa kawai aka buɗe masa.

Akwai kuma wani abu da lambar ke ɓoyewa. A 2019 Lingfei Wu da Dashun Wang da James Evans suka buga nazari a Nature, bayan sun bi ayyuka fiye da miliyan 65 daga 1954 zuwa 2014. Abin da suka gani shi ne manyan ƙungiyoyi sun fi ɗorawa a kan abin da ake yayi, don haka ambatonsu yakan zo da wuri. Ƙananan ƙungiyoyi, mutum ɗaya zuwa uku, su suka fi kawo tunanin da ke sauya alƙiblar fanni, kuma nasu ambaton yakan makara, in ma ya zo. Wato in jami'a ta ce ambaton shekara biyu ko uku za ta duba, ta zaɓi masu bin ayari ke nan, ta bar mai sare sabuwar hanya.

To mu ina muke a cikin wannan? A 2014 Bankin Duniya da kamfanin Elsevier suka fitar da rahoto kan binciken kimiyya a Afirka kudu da Sahara. Yankin ya ninka yawan maƙalunsa tsakanin 2003 da 2012, amma duk da haka bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da duniya ke bugawa ba. Kaso mai yawa na ɗan abin da muke bugawa tare da 'yan waje muke yin sa, kuma shi ne ya fi samun ambato. Aikin da yankunan Afirka suka yi a junansu ba tare da baƙo ba bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Shugabannin jami'o'i da dama sun karanta irin wannan sakamako sun ɗauki darasi ɗaya kawai: a nemi Turawa a sa suna tare da su, lamba za ta hau. Lambar kuwa tana hawa. Tambayar da ba a yi ita ce, a wane matsayi muka shiga?

Bahaushe ya san bambancin gayya da ƙwadago, ko da yake daga bakin hanya kamanninsu ɗaya: mutane jere a gona, kowa da fartanya, ƙura na tashi. A gayya maƙwabta ne suka taru a gonarka yau, gobe ku taru a tasu. Mai gona shi ya san abin da ya shuka da dalilin shuka shi, amfanin kuma rumbunsa zai shiga. A ƙwadago an kira ka ne ka yi kunya kaza, a biya ka da yamma, ba a tambayarka me ya kamata a shuka, ranar girbi ma ba a nemanka. Ƙwadago ba abin kunya ba ne, da shi mutane da yawa ke ciyar da iyali. Abin da ba daidai ba shi ne a yi shekara 20 ana ƙwadago a gonar da take taka ce, ana kiran abin gayya. Yawan ambato ba ya bambance waɗannan biyu. Sunan mai gona da na ɗan ƙwadago ambato ɗaya suke samu.

An ma auna abin. A 2019 Bethany Hedt-Gauthier da abokan aikinta, cikinsu har da 'yan Afirka, suka duba maƙalu kusan 7,100 na binciken lafiya da aka yi a kan ƙasashen Afirka kudu da Sahara tsakanin 2014 da 2016. Fiye da kashi 13 cikin 100 babu ko marubuci ɗaya daga ƙasar da aka yi binciken a kanta. Inda kuma aka haɗa kai da manyan jami'o'in Amurka, 'yan ƙasa ba safai suke zuwa a sunan farko ko na ƙarshe ba, sai dai a cusa su a tsakiya. Ga wanda bai sani ba, a fannin lafiya sunan farko na wanda ya ja aikin ne, na ƙarshe kuma na uban tafiya. Su ake gayyata taro, su ake ba kuɗin bincike na gaba. Na tsakiya sai dai ya nuna da yatsa, kamar yadda yaron nan ya nuna mini.

Labarin Jean-Jacques Muyembe ya isa misali. A 1976 shi ne likitan Kwango da ya je ƙauyen Yambuku lokacin da wata baƙuwar cuta ke kashe mutane, ya ɗebi samfur da hannunsa ba tare da kayan kariya na kirki ba. Jinin da aka aika Turai da Amurka shi aka gano ƙwayar Ebola a ciki. Shekaru da dama in ana ba da tarihin gano cutar, sunayen masanan Turai ake kira. Shi kuwa ya zauna a Kinshasa yana yaƙi da ɓarkewa bayan ɓarkewa, har aikin da ya faro a Kikwit a 1995 da jinin waɗanda suka warke ya kai ga maganin da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2020. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duniya ta dawo ta girmama shi, amma sai da furfura ta cika masa kai.

Kada a ɗauka ina cewa duk haɗin gwiwa da 'yan waje cuta ce. Na san wanda ya zama gayya ta gaskiya. A watan Agustan 2014 mujallar Science ta buga maƙalar da ta bi sawun yaɗuwar Ebola a Saliyo ta hanyar karanta ƙwayoyin halittar cutar guda 99 daga marasa lafiya 78. Marubutan sun haura 50, daga Harvard da asibitin gwamnati na Kenema da Najeriya da wasu wurare. Biyar daga cikinsu cutar ta kashe su kafin maƙalar ta fito, har da Dakta Sheik Humarr Khan da ke jagorantar jinyar, da ma'aikatan jinya da na ɗakin gwaji. An sa sunayensu a matsayin marubuta, ba a tura su sashen godiya ba. An kuma saki bayanan ga duniya tun kafin a buga, don masu yaƙi da cutar su amfana. Ɗaya daga cikin marubutan, Farfesa Christian Happi, yana da cibiya a jami'ar Redeemer's da ke Ede a jihar Osun, wadda ta girma da irin wannan hulɗa ta shekaru. Bayan korona ta shigo Najeriya, a watan Maris na 2020 wannan cibiya ce tare da hukumomin lafiya na ƙasa ta fara karanta ƙwayar halittar cutar a nahiyar Afirka, cikin 'yan kwanaki, ba tare da an aika samfur ƙetare ba. Abin da ya sa na kira shi gayya ke nan: bayan an tashi daga aiki na'ura ta zauna a gida, waɗanda suka iya sarrafa ta suna nan, tambaya ta gaba kuma su suka yi ta.

Akwai kuma aikin da amfaninsa ya fi ambatonsa nesa ba kusa ba. Duk wanda ya shiga kasuwar Dawanau bayan kaka ya ga buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS. Ka zuba wake, ka matse iska, ka ɗaure leda ta farko, ka ɗaure ta biyu, ka ɗaure buhun waje. Ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu, wake ya yi watanni ba huda ko ɗaya, ba a zuba masa fiya-fiya ko wata guba ba. Wannan dabara ta fito ne daga aikin da Larry Murdock na jami'ar Purdue ya yi da masu binciken noma a Marwa, arewacin Kamaru, tun ƙarshen shekarun 1980, daga baya masana a Maraɗi suka ƙara gwada ta, aka yaɗa ta ƙauye-ƙauye daga 2007. Matar da ta ajiye wakenta har farashi ya tashi, ta sayar ta yi wa 'yarta kayan ɗaki, ba ta rubuta maƙala balle ta ambaci kowa. Haka manoman Maraɗi da Damagaram da suka riƙa barin kututture ya toho a gonakinsu tun shekarun 1980, har aka ƙiyasta sun dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai kadada miliyan 5. Gawo ya riga ya yi inuwa kafin hotunan tauraron ɗan'adam su sa masana na waje su lura.

Cutar da likitoci ke kira noma, wadda ke cin fuskar yara ƙanana masu fama da yunwa, tana da asibiti na musamman a Sakkwato tun 1999. Sai a watan Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan. Likitan da ya ba da rayuwarsa ga wannan cuta, duk ƙwarewarsa, masu ambatonsa kaɗan ne, saboda masu bincike a kanta a duniya kaɗan ne. Wanda ya sa sunansa a maƙalar ciwon suga mai marubuta 500 zai wuce shi a lamba cikin wata shida. In muka ce lamba ce alƙali, mun gaya wa matasanmu ke nan su guje wa ciwon da ke gidansu. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo, amma ga shi muna biyan sa lada don ya je ya taya wani gyaran rufin da ba ya zuba.

Da zarar lamba ta zama kuɗi kuma, sai kasuwa ta buɗe. A 2011 mujallar Science ta ba da rahoton yadda jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda ke ba shahararrun masana na waje kwangilar kusan Dala 72,000 a shekara, da sharaɗin su riƙa sa sunan jami'ar a matsayin wurin aikinsu na biyu. A 2023 kamfanin Clarivate, mai fitar da jerin masanan da aka fi ambata, ya cire sunaye fiye da 1,000 saboda alamun maguɗi iri-iri. Mu ma muna da namu, daidai ƙarfinmu. Wa bai taɓa jin "don Allah ka sa ni a ciki" ba? Malamai biyar su yi yarjejeniya, kowa ya rubuta ɗaya ya sa sunan sauran huɗun, kowa ya tashi da maƙala biyar. Ɗalibi ya sha wahalar aikinsa, a ce ya sa shugaban sashe da wani da ko taken bai karanta ba. Na zauna a kwamitin tantance takardun ƙarin girma, na ga mutum ɗaya da maƙala a kan cutar kaji, da wata a kan ingancin siminti, da wata a kan halayyar masu jefa ƙuri'a, duk a shekara guda. A takarda wannan ma haɗin gwiwa ne. Abin da ya fi ba ni ciwo shi ne a daidai lokacin da ake raba suna kyauta ga wanda bai yi komai ba, ma'aikacin ɗakin gwajin da ya kwana yana gadin firji, yana tashi tsakar dare ya kunna janareta don kada samfur ya lalace in an ɗauke wuta, shi ko a godiya ba a cika tunawa da shi ba. Abin da 'yan waje ke mana, shi muke yi wa na ƙasa da mu.

Masana a duniya sun daɗe da farga. A Disambar 2012 wasu editoci da masu bincike suka haɗu a San Francisco suka fitar da sanarwa cewa a daina auna mutum da lambar yawan ambaton mujallar da ya buga aiki a ciki, a karanta aikin kansa. Shi kansa Garfield ya sha yin wannan gargaɗi kafin rasuwarsa. Mujallu da yawa yanzu suna neman a fayyace abin da kowane marubuci ya yi, akwai ma tsari mai rukuni 14: wa ya kawo tunanin, wa ya tattara bayanai, wa ya yi lissafi, wa ya rubuta. A 2022 Nature ta fito da ƙa'ida a kan masu binciken waje da ke sauka kamar jirgi mai saukar ungulu su kwashi samfur su tashi. Su da suka ƙirƙiro mudun suna rage dogaro da shi, mu kuma yanzu muke ƙara rungumarsa.

Abin da nake so in gani a jami'o'inmu ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Kwamitin ƙarin girma ya ce wa malami ya kawo ayyukansa uku ko biyar da ya fi alfahari da su, ya zauna ya yi bayanin abin da shi da kansa ya yi a ciki, a yi masa tambayoyi. Wanda aka sa a ciki don alfarma ba zai wuce minti biyar ba. Kafin jami'a ta sa hannu a yarjejeniya da baƙi, a rubuta a fili inda bayanai za su zauna, da wanda zai ja wace maƙala, da ɗalibai nawa za a horar, da abin da zai rage in an gama. Masu ba da kuɗin bincike na gida, irin su TETFund, su ware wani kaso don tambayoyin da mu muka ga dama, domin wanda ya biya kuɗin goro shi ke faɗin ranar biki. Ƙasashen Afirka sun yi alƙawarin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinsu a kan bincike, kuma kusan duk ba su cika ba. Muddin haka ne, baƙo zai ci gaba da zuwa da tambayarsa a aljihu, kuma ba za mu iya ce masa a'a ba.

Sai kuma mu waiwayi maƙwabta. Daga Katsina zuwa Maraɗi kusan kilomita 100 ne. Gero ɗaya muke shukawa, sanƙarau ɗaya ke zuwa mana da zafi, hamada ɗaya ke matso mu, tamowa ɗaya ke kwantar da yaranmu. Akwai jami'a a Katsina, akwai a Maraɗi, akwai a Damagaram, akwai a Kano da Sakkwato. Amma malamin Kano ya fi sanin abin da ake yi a Landan, na Maraɗi ya fi sanin na Faransa, sau da yawa ma a taron Turai suke fara haɗuwa. Wannan yana rubutu da Ingilishi, wancan da Faransanci, alhali in suka zauna a tabarma ɗaya da Hausa za su yi magana, kuma da Hausar za su tambayi manomi ko mai jego. Irin wannan haɗin gwiwa ba zai kawo ambato da sauri ba, na sani. Mujallarsa wataƙila tana rumbun mujallun Afirka na intanet, African Journals Online, ne kawai, ba ta shiga manyan kundayen da ake ƙirga ba. Amma gonar tamu ce.

Bayan kamar wata biyu matashin nan ya dawo. Ya ce ya rubuta wa mutanen can ya nemi kwafin bayanan da ya tattara, kuma ya gaya musu akwai abin da ya lura da shi a asibitocin da ba ya cikin takardar tambayoyinsu: mata da yawa suna daina zuwa awo daidai lokacin shuka, su dawo bayan an yi noman farko. Yana so ya bi wannan, shi ya ja aikin, su taimaka masa da lissafi. Na ce me suka ce? Ya ce ɗaya ba ta amsa ba, ɗayan ya ce a ba shi lokaci ya tuntuɓi shugabansa. Ya ce kafin nan ya samu lambar wani likita a Damagaram da aka ce ya ga irin wannan a can, sun yi magana sau biyu a waya. Ya tambaye ni, "Malam, in na yi wannan kuma ba a ambace shi ba, kwamiti zai ƙirga mini shi?" Na ce masa da tsarin da muke da shi yau, maki kaɗan zai samu. Na kuma ce masa ya kawo mini tsarin aikin ranar Litinin mu duba tare, ya zo da sunan ungozomar da ta fara jawo hankalinsa ga lamarin, domin da ita za a fara jerin marubutan.